Tawul Ɗin Baffa a Kan Giyar Ɓauna

Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. Baffa, yayan mahaifina, ya rasu ranar wata Talata a tsakiyar daminar bana, a kan amalanken shanu, cikin fadamar da ya shekara talatin da ɗoriya yana ƙetarar da mutane a mota. Motar kuwa tana gida a rumfarta, tankinta cike da mai. An rasa wanda zai tayar da ita.

Na fara da wannan ne don shi kowa ya riƙa juyawa a zaman makoki. Duk wanda ya shigo, in ya yi addu'a ya shafa, sai ya ɗan karkata ya leƙa rumfar da ke gefen zaure. Wata tsohuwa daga unguwar masaƙa ko tabarma ba ta nema ba, wucewa ta yi ta dafa ƙofar motar tana kuka, tana cewa jikokinta biyu a bayan nan aka haife su kafin a kai kwalta. Arɗon rugar da ke gabas da mu ya zo da jama'arsa, ruwa ya jiƙa su har cinya. Ya zauna ya ce, "Shi ya kai mahaifiyata asibiti, shi ya dawo mini da gawarta. Ko nono bai yarda ya karɓa ba."

Liman ya yi wa'azi a kan haƙuri. Yana rufe baki wani dattijo, maƙwabcin Baffa, ya gyara murya ya ce, "Allah Ya jiƙansa. To yanzu wa zai riƙa tuƙa ta?"

Ko sadakar uku ba a yi ba fa. Wallahi raina ya ɓaci, har na buɗe baki zan mayar masa da magana, sai na ga duk zauren ni ake kallo. Na sunkuyar da kai na ci gaba da jan carbi.

Wanda bai san garinmu ba zai yi mamakin yadda mota ta shiga zancen makoki. Garin ba shi da nisa da Dutse. Da rani, mai babur zai kawo ka cikin abin da bai kai awa ɗaya ba. Amma tsakaninmu da kwalta akwai fadama, kuma da zarar ruwa ya zauna, sai ta zama taɓo mai kama ƙafa. Babur ba ya shiga, bas ba ta ma gwadawa. Wata uku cur muna kulle. Mai lafiya ya naɗe wando ya taka, amma mai naƙuda, da wanda maciji ya sara, da tsohon da numfashi ya tsaya masa a ƙirji, babu abin da ke fitar da su sai motar Baffa.

Ɓauna muke ce mata, saboda son taɓo. Sunan kamfanin da ya ƙera ta yana rubuce a goshinta a da, haruffan sun zube ɗaya bayan ɗaya tun ina firamare. Irin motocin dajin nan ne na Turawa masu jan taya huɗu, mai kusurwa kamar akwati, da safayar taya ɗaure a kan bonet. Ta zo ƙasar nan tun Dutse ba ta zama babban birnin jiha ba, lokacin da Baffa yake direban malaman gona, yana yawo da su ƙauye-ƙauye ana auna ƙasa ana raba iri. Da aikin ya ƙare aka yi gwanjon motocin, sai ya sayar da bijimansa biyu na noma ya saye ta. Mahaifina ya ce a lokacin kowa cewa ya yi Baffa ya taɓu. Niyyarsa ya riƙa ɗaukar buhunan gero da riɗi zuwa kasuwa, in ya tara abin hannu ya koma Kano ya shiga harkar sufuri. A daminar farko aka buga masa ƙofa saboda wata mai naƙuda. Ya kai ta. Kano ɗin da bai koma ba ke nan.

Zama da Ɓauna sai mai haƙuri. Jikinta ba ya tsatsa, Baffa yakan ƙwanƙwasa shi da yatsa ya ce, "Ji nan, wannan zai binne mu duka." Amma duk sauran abin da ke cikinta yana da lalura. Tana ɗigar da baƙin mai, har ya ajiye mata tsohon kwanon sha a ƙarƙashi, in ya taru ya tace da tsumma ya mayar mata. Allurar mai ta mutu tuntuni, da karan dawa yake auna tanki. Ƙofar fasinja da igiya ake ɗaure ta. Ruwan sama kuwa, wanda ke ciki ya fi na waje jiƙewa. In batir ya yi sanyi, sai ya zura wani ƙarfe ta gaba ya murɗa injin da hannu. Kayan gyaranta sun ɓace daga shaguna, don haka duk rani yakan tafi Kano wajen masu yanka tsofaffin motoci, ya dawo da wani guntun ƙarfe naɗe a hula, yana murna kamar wanda aka yi wa haihuwa. Wani bakanike a Limawa, cikin Dutse, ya taɓa ce masa, "Baba, wannan ai ta gama aiki, ka huta mana." Baffa ya ce, "Kai nawa ka binne a garejin nan waɗanda aka ƙera bayanta?" Bai ƙara kai masa gyara ba.

Yana da maganganunsa. In ta ƙi tashi ba ya zaginta, cewa yake, "Tana tunani." In fasinja ya tsorata a tsakiyar ruwa ya fara salati da ƙarfi, sai ya ce, "Ci gaba, amma cire ƙafarka daga kan igiyar ƙofa." Ni kuma tun da na gama makaranta ya sa mini Malam na Ofis, alhali ko aikin ban samu ba.

Sai kuma tawul. A gefen kujerar direba akwai sanduna biyu ƙanana ban da babbar giya, ɗaya mai jan kai, ɗaya mai rawaya. Su ake taɓawa kafin a shiga taɓo. Ƙarƙashin sitiyari kuma akwai wasu wayoyi da shi ya haɗa su da hannunsa, da wani ɗan famfon mai da ya ɓoye. Duk sa'ad da zai tayar da ita, ko zai taɓa sandunan nan, sai ya zaro wani tsohon tawul kore daga kafaɗa ya rufe hannunsa. Ka ji ƙarar ƙarfe, ka ji motar ta canza murya, amma ba ka ga abin da aka yi ba. Mutanen gari suna cewa laya ce a ƙarƙashin tawul ɗin. Mu samari muna cewa rowa ce kawai.

Na taɓa faɗa masa haka baki da baki, kuma ita ce rigima ɗaya da muka yi a rayuwa. Ina da shekara ashirin da biyar, ina zaune a gida ina jiran takardar ɗaukar aiki, zuciya a kusa. Na same shi kwance a ƙarƙashin motar na ce, "Baffa, wai me zai rage ka in ka koya wa mutane? Ka tara samari goma ka nuna musu, kowa ya huta. Wannan ai son kai ne."

Ya turo kansa waje, fuska duk baƙin mai. "Ni kake ce wa mai son kai?"

"To me ne ne in ba shi ba?"

"Na taɓa koya wa mutum biyu kafin a yaye ka," in ji shi. "Ɗaya ya karya mata ƙarfen baya a tsakiyar fadama, ta kwana damina guda a rumfa, ka tambayi uwarka wa da wa aka rasa a shekarar. Ɗayan yana iyawa ya tafi Legas. Ka koya wa goma, tara birni za su tafi da abin da suka koya. Na goman, mai kunyar cikinsu, shi zai zauna. Tashi ka ba ni wuri."

Ban gane ba. Na tafi ina ƙunƙuni, kwana huɗu ban je gaishe shi ba, sai da mahaifina ya ce in ban je ba kada in ƙara cin tuwon gidansa.

A daminar shekarar ne ƙarfen murɗa injin ya dawo da baya ya karya masa wuyan hannun dama. Kwana biyu da ɗori, da hantsi, aka zo da labarin wata mata da jini ya ɓalle mata bayan haihuwa. Baffa ya fito da hannu rataye a wuya, ya dubi mazan da suka taru, ya dube ni. Ya daɗe yana dubana. Sannan ya ce, "Malam na Ofis, shiga." Ya sa kowa ya ja baya, ya ɗaga tawul ɗin. Ashe babu wata laya. Waya ce ka haɗa da waya, ka buɗe famfo rabi, ka taka totur sau biyu ka saki, ka jira ta haɗiye. A bakin taɓo ka tsaya cak, ka taka kuloci, ka ja mai jan kai baya har ta yi ƙara. Sauran karatun na hanya ne. Ka sa giginya mai karyayyen kai a saitin safaya, ka miƙe har sai suri ya zo kafaɗarka ta hagu, ka karya dama, kada ka ɗaga ƙafa ko da ruwa ya shigo ta ƙofa. A nan ƙasa mai tauri take, taku uku daga nan rami ne.

Mun kai matar da ranta. A hanyar dawowa ina ta washe baki, ina jin kaina wani babba. Baffa bai yi dariya ba. Da muka shiga rumfa na kashe injin, sai ya ce, "Ka yafe mini."

Na ce, "Me ka yi mini, Baffa?"

Ya ce, "Kai dai ka yafe."

Na yi dariya na fita ban amsa ba. Na ɗauka zafin karaya ne.

Da takardar aikina ta fito, shi ya kai ni bakin kwalta da akwatina. Kafin in sauka ya riƙe mini hannu ya ce, "Ka zo da sallah, ka zo da kaka, ka zo da rani. Amma in ruwa ya zauna, kada in ga ƙafarka a garin nan. Ka ji ko?" Na ce na ji. Ba zan yi wa mamaci ƙarya ba, umarnin ya yi mini daɗi. Na kama haya a unguwar Takur cikin Dutse, na yi aure, na haifi 'ya'ya uku, shekara goma sha ɗaya ban ga fadamarmu da ruwa ba. In abokan aiki suka tambaya sai in ce ai Baffa ne ya hana, ni kuma mai biyayya ne.

Shi kuwa bai taɓa kwana a wajen garin da damina ba. Bikin 'yarsa ta fari aka yi a Haɗejia cikin ruwa, bai je ba. Wani attajiri da Baffa ya taɓa ceton matarsa ya biya masa kujerar Makka, sai aikin hajjin shekarar ya faɗo a damina. Ya miƙa wa Inna, matarsa, kujerar, ya haɗa ta da ƙaninta. Ta tafi ta dawo da haƙorin Makka, shi yana nan yana tace baƙin mai. In an ce masa Alhaji don girmamawa sai ya ce, "A'a, mijin Hajiya dai." Kowa ya yi dariya, har da ni.

Ranar Talatar nan ina ofis da misalin ƙarfe goma wayata ta yi ƙara. Autan Baffa ne, ƙanina, wanda ke karatu a jami'ar Kafin Hausa, saura masa shekara guda, ya zo gida hutu. Ya ce, "Yaya, Baba ya faɗi a bakin gona, ba ya magana. Ina cikin Ɓauna. Yaya ake tayar da ita?"

Na miƙe tsaye a tsakiyar ofis ina ihu. "Duba ƙarƙashin sitiyari, akwai jar waya!"

"Duk sun yi baƙi, Yaya, ban ga ja ba!"

"Famfon fa? Ka buɗe rabi!"

"Wane famfo?"

Layin ya yanke. Na kira, ya shiga, ya sake yankewa. Da ya dawo na ji injin yana tari yana mutuwa, na san ya cika mata mai ta shaƙe, kuma in ta shaƙe sai ta huce don kanta. Na hau babur ko hula ban ɗauka ba. Kafin in iso bakin fadama sun gaji da jira sun ɗora shi a amalanke. Na shiga ruwa da takalmin ofis, na tarar da su daidai giginya mai karyayyen kai. Shanun suna tsaye. Auta yana zaune a kan amalanken da kan mahaifinsa a cinya, an riga an ja mayafi an rufe fuskar.

Da la'asar, bayan an dawo daga maƙabarta, na shiga rumfa don in ɓuya wa mutane. Na sa hannu ƙarƙashin sitiyari ba da niyyar komai ba. Bugu ɗaya ta tashi. Na kifa kaina a sitiyarin na yi kukan da ban yi a kabari ba, kuma duk garin ya ji ƙarar injin.

Bayan sadakar uku Inna ta kira ni ɗakinta. Tana cikin takaba, ta miƙo mini makullin naɗe a cikin koren tawul ɗin.

Na ce, "Inna, ni fa ma'aikaci ne. Hutun mako guda aka ba ni. Auta na nan, in koya masa kafin in tafi."

Ta ce, "Ɗana, zauna." Na zauna. "Ka san sau nawa yaron nan ya roƙi ubansa? Har fushi ya yi ya daina cin abinci. Baffanka ya ce ko zai mutu ba zai nuna masa ba. Ya ce mini, duk wanda ya san abin da ke ƙarƙashin tawul ɗin nan, kunnensa ba zai ƙara iya jin an buga ƙofa ya yi shiru ba. Ya ce shi an ɗaure shi, ba zai ɗaure ɗan wani ba, balle nasa. Ranar da ya nuna maka bai ci tuwo ba. Ya ce ya ci amanar ƙaninsa." Ta goge ido da bakin mayafi. "Duk shekara in an fara haramar hajji sai ya ɗauko jakar da na dawo da ita ya zauna yana dubawa. Ni ban ce ka zauna ba. Makullin dai ban san wanda zan ba ba."

Na ɗauki makullin na fito.

Yau kwana goma sha tara da rasuwar, kuma ina nan. Na ƙetare fadama sau shida. Hutuna ya ƙare tuni, na roƙi ƙari an ba ni, shi ma ya ƙare. Maigidana na ofis mutumin kirki ne, amma a kira na ƙarshe ya ce, "Ka san ba ni kaɗai ba ne a sama. Litinin in ba ka zo ba, ba ni da bakin kare ka." Maiɗakina ba ta yi faɗa ba, cewa kawai ta yi ƙaramar 'yarmu tana tambaya ko Abba ya ƙaura ne. Wani dillali ya aiko daga Kano, wai masu tara tsofaffin motoci suna son Ɓauna, kuma magada suna da haƙƙi a kanta, Liman ma ya faɗa. Amma ya ƙara da cewa a bari ruwa ya janye tukuna, yana faɗa yana kallona. Saura wata biyu ruwan ya janye. Baɗi kuma zai dawo.

Auta kuwa ya manne mini. Hutunsu ya ƙare, abokansa sun koma Kafin Hausa, shi ya ƙi. Shekaranjiya ya same ni ina auna tanki da karan dawa ya ce, "Yaya, ka nuna mini ka tafi aikinka. Zan ajiye karatun shekara guda, ba komai. A cinyata ya cika, Yaya. Ina cikinta, makulli a hannuna, na kasa." Ya juya baya don kada in ga fuskarsa.

Minti goma ya isa in nuna masa. Yaro ne mai kai, sau biyu zai bi ni ya haddace hanyar. Litinin in sa rigata in koma Takur, in ci abincin gidana, in kwana ba tare da na kasa kunne ga ƙofa ba. Kullum sai na yi wannan lissafin, kuma Allah Ya sani ina so. Na kuma san shi. A cikinmu duka shi ne mai kunyar. Shekara guda ɗin da yake faɗa, haka Baffa ya faɗa game da Kano.

Na rubuta wannan ne don kada a tuna Baffa a matsayin mai rowar da ya mutu da sirrin mota, don na ji an fara faɗar haka a bakin kasuwa. Ni ma na faɗa masa da ransa, kuma ban taɓa janyewa ba. Ya Allah, bawanka ne da ya kai mutane inda shi bai je ba. Ka gafarta masa, Ka yalwata masa makwanci, Ka rubuta masa ladan hajjin da ya bayar, Ka ba Inna da mu haƙurin rashinsa. Baffa, abin da ka roƙa a rumfa na yi dariya na fita, yau na amsa. Na yafe, duniya da lahira. Kai ma ka yafe mini.

Yau Lahadi da safe, ina haɗa kayana a jaka don in ga ko zan iya, sai aka yi sallama. Wani manomi ne daga bayan gari, ƙafa duk laka, ya ce maciji ya sari matarsa a gonar shinkafa, ƙafar ta fara hawa. Na ajiye jakar. Kafin in kai rumfa Auta ya riga ya shiga ya ɗaure igiyar ƙofa, ya zauna a kujerar da na zauna shekarun baya. Aka kwantar da matar a baya. Wayata tana ta ƙara a aljihu, na san maigidana na ofis ne.

Auta ya matso, ya sunkuyo da kansa wajen sitiyari. "Yaya, don Allah. Yau dai ka bar ni in gani."

Na dube shi. Idon Baffa ne sak.

Na ce, "Gobe da sassafe zan kai ka bakin kwalta, ka koma makaranta. In ruwa ya zauna, kada in ga ƙafarka a garin nan."

Sannan na zaro tawul ɗin daga kafaɗata na rufe hannuna.